Farin Farantin Inna

A gidanmu ba ni da suna. Wato ina da shi, har rago aka yanka ranar da aka raɗa shi, ko da yake Kaka ta ce ragon gurgu ne, amma a bakin Inna sunana "wancan". In tana cikin fara'a sai in samu ƙarin girma in zama "wanga yaro". Ni ne ɗan farinta, ita kuma Bafulatana ce da aka auro gidan Hausawa, sai kunyar gida biyu ta haɗu ta sauka a kaina. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar babana. Tsakar gida ɗaya muke da Inna, amma ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son ruwa sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan randa ta bushe." In ƙanwata ba ta nan sai ta gaya wa randar. Na taɓa jin ta aiko mini kaza. Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ake yi a wajenmu. Uwar da ta cika kallon ɗan fari ita mata ke zunɗe a bakin rijiya.

Ina ƙaramar sakandare tari ya kama ni, bayan an gama yankan shinkafa a fadama. Ƙauyenmu a bakin Kwara yake, in ka hau jirgi ka ɗan yi gaba ka shiga ƙasar Benin, kuma na rantse in na yi tari jakunan can ƙetare sai sun amsa. Na rame har wandon makaranta ya daina yarda da ni, sai da igiyar ɗaure albasa. Tabarmata kullum jiƙe da gumi. Kaka ta ba ni citta da zuma, ta ba ni jiƙon wani sassaƙe da ɗacinsa zai sa kada ya bar ruwa, tarin bai ko gaishe su ba. Babana yana Kudu da motar albasa, sai a waya ya ce a kai ni asibiti.

A lokacin wasu masu bincike kan tarin fuka sun zo sun zauna a ɗan asibitinmu. Abin da ya kawo su shi ne halin mutanen bakin iyaka: mutum ya fara magani, ya ji sauƙi, ya ƙetare ruwa neman abinci, shi ke nan ba a sake ganinsa sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Suna so su gane ko in aka sa wani na gida ya riƙa kallon marar lafiya yana haɗiye magani, za a rage masu gudu. Babbarsu wata Malama ce 'yar birni, mai gilashi da murya kamar lasifikar masallacin Juma'a.

Ta ba ni ɗan gwangwanin roba mai murfi, ta ce in je bayan asibiti inda iska ke kaɗawa in kawo kaki, na can cikin ƙirji, ba miyau ba. Ni da tarina ke kayar da tsintsiya daga jingine, ranar ya ce bai san ni ba. Na tsaya ƙarƙashin darbejiya ina ta ƙaƙari kamar zakaran da ya haɗiyi ɗan kwaɗo. Wani tsohon makiyayi yana gefe da nasa gwangwanin, ya cika shi tuni, ya tsaya yana ba ni shawara.

"Ja numfashi, yaro. Ja har cibiya. Kai, ba haka ba, wanga ai kukan akuya ne."

Da ƙyar na samo ɗan abin da ya rufe gindin robar. Wani mai babur ya jera robobin cikin kular ƙanƙara ya nufi Bagudo, inda na'urar gwajin take. Bayan 'yan kwanaki aka kira mu.

Ni da Kaka da Inna muka je. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana nazarin ƙasa. Malama ta ce tarin fuka ne, yana warkewa sarai, maganin kyauta ne, amma wata shida ne cur, kullum da safe, ba fashi. Ta ce wanda ya tsaya a tsakiya ya koya wa ciwon wayo, in ya dawo ba zai ƙara jin maganin nan ba. Ta dube ni ta ce fitsarina zai koma ja, kar in tsorata, aikin ƙwayar ne. Na so ƙasa ta tsage. A gaban Inna fa ake maganar fitsarina.

"Yanzu wa zai riƙa kallonsa yana haɗiyewa?" in ji Malama.

Kaka ta buga ƙirji. "Ni mana. Mijina ne, ni na san baƙin halinsa."

Da ma tun shigowarmu Malama ta ga Kaka ta durƙusa ta gaida farar rigar da aka rataye a ƙusa, har tana tambayarta gajiya. Yana ta cinye idon Kaka saura kaɗan. Malama ta yi murmushi ta ce, "Iya, ke za ki riƙa yi mana addu'a. Ina mahaifiyarsa?"

Kaka ta rage murya. "'Yar nan, ɗan fari ne."

"A garinmu ma ana yi, Iya. Amma wannan ciwon bai san ɗan fari ba. Ido nake so, idon da zai ga ƙwaya ta shiga baki, a buɗe bakin a ga ta wuce."

Inna ta matso daga bakin ƙofa. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar maganin, ta ƙulle ta a bakin zanenta.

Ga yadda muka riƙa yi. Bayan sallar asuba Inna za ta ɗora ƙwayoyin a kan faifai, jajaye, kowace ɗaya kamar ƙwallon dabino, ta ajiye moɗar ruwa a gefe, a tsakar gida inda aka ce iska ta fi. Sai ta juya ta fuskanci murhu ta ce, "A ce ya haɗiye." Ba kowa a wurin, an hana ƙanwata matsowa kusa da ni a makonnin farko, don haka murhu ne ɗan aike. Ni kuma in haɗiye da ƙara, ƙwat, ƙwat, yadda kunnenta zai shaida. Wata rana har ƙari nake yi, in yi gyatsa irin ta raƙumi, ko za ta yi dariya. Bayanta kaɗai nake gani, amma na taɓa ganin kafaɗarta ta motsa.

Fitsarin kuwa ya yi ja kamar yadda aka faɗa. Ranar farko da na gani a makewayi sai da na yi kalmar shahada, na manta an gargaɗe ni.

Sai cikina ya fara tawaye. Ina haɗiye ƙwayoyin, kafin rana ta hau katanga zuciyata ta tashi, in ruga bayan rumbu in dawo da su yadda suka shiga, ko narkewa ba su gama yi ba. In tura ƙasa da ƙafa in rufe. Ba ƙin sha na yi ba, Allah ya gani. Amma wa zan gaya wa? In na gaya wa Kaka, kafin azahar unguwa ta ji, kuma ta dawo da jiƙon kada. Inna kuwa babu hanyar da ta tashi daga bakina ta isa kunnenta. Ban taɓa ce mata ko "kaina na ciwo" ba. In aiki murhu? Na yi shiru, ina fatan cikin zai gaji ya daina. Tarin da ya fara lafawa ya soma leƙowa.

Wata safiya na ji Inna ta ce wa ƙanwata, "A gaya wa wancan ya sa riga, za a je asibiti." Ba ranar karɓar magani ba ce. Ta yi gaba, na bi ta a baya da tazarar da ta dace.

Asibitinmu ɗaki biyu ne da baranda, tagar ɗakin Malama ba ta da gilashi, kuma ranar awon jarirai ce, barandar cike da matan ƙauyenmu da na rugage. Inna ta zauna a bakin benci ta ja mayafi ta yi magana can ƙasa, da ƙyar nake ji.

"Maganin ba ya zama cikin wancan."

"Cikin wa?"

"Wanga da aka ba ni."

"To ya aka yi kika sani? Kin ga ya yi amai?"

"Ban gani ba. Ruwan ne ya canza."

"Wane ruwa?"

Inna ta ƙara jan mayafi. Can ta ce makewayinmu yana da rariya da ke fita bayan katanga. Ta ce ta ɗauko farin faranti daga cikin jeren ɗakinta ta kafa a bakin rariyar ta waje, ta kare shi da kara. Kullum da hantsi in wancan ya shiga ya fito, sai ta zagaya ta duba. Da ja ne kamar zoɓo. Kwana biyun nan ya koma kamar ruwan wankin gero.

Malama ta cire gilashi. Ba mugunta ba ce, mamaki ne ya kama ta, ita kuma mamakinta ba ya zuwa a hankali.

"Au! Fitsarinsa kike dubawa a faranti? Kullum?"

Barandar ta yi tsit. Har jarirai suka daina kuka don su ji. Sai wata ta tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Ni dai na ji kunnuwana sun kama da wuta. Wato duk safiyar da na shiga makewayi da butata ina fito, ina ganin ni kaɗai ne da Ubangijina, ashe Inna na bayan katanga tana jira. Kuma farantin na san shi, mai bakin shuɗi ne, na kayan aurenta, wanda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki.

Malama ta juyo kaina, na amsa laifin amai kaina a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta sake juyawa wajen Inna.

"Idonsa fa? Farin ya yi rawaya?"

"Ban duba ba."

"Kin ga inda matsalar take ke nan. Kin yi ƙoƙari, wallahi kin yi, amma faranti ba ya isa. In ya sha ruwa da yawa launin zai dushe ko ya sha magani. In hantarsa ta fara gajiya, a ido za a fara gani. Ni ba na gidanku. Ke ce a can."

Ta ja fatar idona ta duba da kanta, ta ce lafiya lau. Ta ce a riƙa ba ni ɗan kunu kaɗan tare da ƙwayoyin, in aman bai tsaya ba mu dawo. Muka fito ta tsakiyar matan nan. Inna ta rufe fuska saura ido ɗaya. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu da aiki, uwar ɗan fari," da wata irin murya.

Kunun ya yi aiki, aman ya tsaya. Inna ma ta gwada, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta daina fuskantar murhu, ta koma kallon ƙafafuna. Bayan wani lokaci ta hau zuwa gwiwa. Na lissafa cewa in ta ci gaba a haka za ta iso bakina ina da jikoki.

Labarin faranti kuwa ya riga mu isa gida. Kaka ta tarye ni da guɗa.

"Mijin nawa ya zama tukunyar zoɓo! Zo in sa sukari in kai ka kasuwa, ko na huta da ciyar da ƙato."

Na Kaka mai sauƙi ne, ita da ma aikinta ke nan. Da aka sake gwada kakina aka ce zan iya komawa makaranta, sai na tarar an canza mini suna. Ni da nake raɗa wa kowa suna, ni da na sa wani malami ya aske gemunsa, yau ni ne "Mai Faranti". In na ɗauki buta yara su bi ni suna tambaya ko a kira Inna. A filin ƙwallo in na faɗi a ce a kawo faranti a duba. Wani abokina ya tambaye ni da gaske ko a farantin ake zuba mini tuwo. Na yi dambe har na gaji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take, lokacin da ba kowa.

Zuwa wata na uku na warke, a ganina. Wando ya zauna ba igiya, tari ya tafi, ina cin tuwo kamar mai biyan bashin yunwa. Sai na fara tunanin ƙetare. Samarin garinmu suna bin jiragen albasa zuwa kasuwar Malanbil da ke Benin, su yi dako, wasu su zauna can wata da watanni. A can ba wanda ya san faranti. Na ce in na ɓace, maganar za ta mutu, Inna ta koma rijiya da safe kamar kowa. Gargaɗin Malama yana kaina, amma na ajiye shi gefe, na ce ai wannan don masu tari ne.

Ranar kasuwa na yi sallar asuba a masallaci, ban koma gida ba, na gangara bakin ruwa. Jirgin katako ne babba mai inji, na wani Badende, ɗan ƙabilar Dendi, mutum mai faɗa. Na taya lodi, na haye can saman buhuna na zauna cikin samari, mun kai cikin aji guda. Bakin ruwan ya cika da fatake da masunta da mata masu soya ƙosai. Aka ja igiyar inji, ya yi tari ya mutu. Aka sake ja.

Sai na hango ta tana gangarowa. Inna ba ta zuwa bakin ruwa, wurin maza ne da 'yan kasuwa. Tana tafe da sauri, moɗar kunu a hannu, tafin ɗaya hannun ya rufe bakin moɗar kar ya zube. Na nutse cikin buhuna.

Ta tsaya inda ruwa ke taɓa ƙafa ta ce wa mai jirgin, "A sauko da wancan."

"Wanne, baiwar Allah?"

"Wanga yaro."

Mutumin ya dubi saman jirginsa ya ɗaga hannu. "Ga yara nan kamar fara. Wanne naki? Faɗi sunansa, ina sauri."

Ba ɗan garinmu ba ne, bai san ta ba, bai san ni ba. Masu ƙosai sun sani, suka daina juya mai. Injin ya kama. Yaron jirgi ya sa gora ya tura, ruwa ya fara shiga tsakaninmu da gaɓa. Ina leƙenta ta tsakanin buhu biyu. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ba ƙanwata, ba randa, ba ko kaza.

Sai ta kira sunana.

Ba ta iya shi ba ma. Ta ja ƙarshensa irin na Fulani, muryarta ta karye a tsakiya. Amma ta kira shi da ƙarfi, har ya haye ƙarar inji, ta kuma maimaita. Wata mai ƙosai ta ce, "La'ilaha!" Wani dattijo ya kawar da kai kamar ya ga abin da bai kamata ba.

Ban san lokacin da na diro ba. Ruwan ya kai mini ƙugu, takalmina ɗaya ya tafi Benin ba ni. Na fito ina ɗiga na tsaya gabanta. Ta kwance bakin zane, ta zuba mini ƙwayoyin a hannu, ta miƙo moɗa. Na jira ta juya baya. Ba ta juya ba. Ta ɗago kai ta dube ni a fuska, a gaban fatake da masunta da Badenden da ke zagin kakannina saboda na girgiza masa jirgi. Na haɗiye, wannan karon ba ƙwat ba gyatsa.

"Buɗe," in ji ta. Ni ta gaya wa.

Na buɗe baki, na ɗaga harshe. Ta leƙa. Ta sa yatsa ta ja fatar idona yadda ta ga Malama ta yi. Idonta ashe ba baƙi ba ne sosai, yana da ɗan ruwan ƙasa, ban taɓa sani ba. Ta karɓi moɗarta ta juya, na bi ta da takalmi ɗaya. Ba wanda ya yi dariya sai da muka hau tudu.

Daga ranar kullum da safe sai ta dube ni, in haɗiye, in buɗe baki, ta duba ido. Sunan dai ba ta sake faɗa ba. Matan rijiya sun yi da ita har suka gaji, ta koma ɗiban ruwa da safe ta bar su da bakinsu. Farantin ya koma na ruwan kaji, Kaka ta ce ko su sai da suka yi shawara kafin su sha.

Da wata shida suka cika mai babur ya sake kai kakina Bagudo, aka ce ba komai a ciki. Washegari na fito tsakar gida bayan asuba don sabo, ba faifai, ba moɗa. Inna na bakin murhu ta ba ni baya. Ta ce wa ƙanwata, "A gaya wa wancan randa ta bushe." Na ɗauki tulu na fita.

Har yau in na bi ta bakin ruwa sai na sunkuyar da kai, don yaran jirgi ba su manta ba. Suna hango ni za su maƙale murya su kira sunana irin kiran Inna, su ja ƙarshen. Ina jin kunya kamar in shige buhun albasa. Wani lokaci kuma in tsaya in saurara, in ji ko akwai wanda zai dace da yadda ta faɗe shi. Har yanzu ba a samu ba.